Bindigata mai ƙanƙara tana ƙin tashi: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina da bindigar ɗuri irin ta da, wadda dutsen ƙanƙara ke kunna ta, kuma da ita nake farauta. Tun da damina ta sauka take ba ni wahala. Wani lokaci na ja kunama ban ji komai ba sai ƙarar ƙarfe, wani lokaci albarushin kasko, wato ɗan mazubin albarushin kunnawa da ke gefen bututu, ya kama amma harsashi bai fita ba, wani lokaci kuma sai ta yi jinkiri kafin ta tashi. Na ƙara yawan albarushin da nake zubawa a kasko, abin bai canza ba. Me zan yi?

Amsa: Malam, abubuwa uku ka lissafa, kuma kowannensu da nasa dalili, saboda haka ba magani ɗaya zai warkar da su ba. Kafin mu shiga cikinsu, ka riƙe wannan ƙa'ida: duk lokacin da ka ja kunama bindiga ta ƙi tashi, kada ka sauke ta ka leƙa bakinta, ka ci gaba da nuna ta inda ba kowa na tsawon minti ɗaya aƙalla, domin wuta tana iya kasancewa tana cin albarushi a hankali daga ciki. Haka kuma duk gwajin da zan ambata ana yinsa ne bayan an tabbatar da sandar ɗuri cewa babu komai a cikin bututun, saboda tartsatsi guda yana iya faɗawa ta hudar wuta, wato 'yar hudar da ta haɗa kasko da cikin bututu, ya tayar da bindiga ko da kaskon wayam yake.

Wannan tsarin kunnawa, wanda aka kammala shi a Faransa a farkon ƙarni na 17, aikinsa irin na ƙyastu ne. Dutsen yana kankare fuskar ƙarfen da ke rufe kasko, 'yan ɓarɓashin ƙarfen da ya kankaro su ne suke yin ja su zama tartsatsi, su faɗa cikin kasko, wutar kasko kuma ta bi 'yar hudar da ke gefen bututu ta isa ga babban ɗuri. Idan ka gane inda wutar ta tsaya a cikin wannan tafiya, ka gane inda laifin yake.

Idan ƙarar ƙarfe kawai ka ji, to tartsatsi ne babu, kuma galibi laifin dutsen ne. Ka shiga ɗaki mai duhu da bindigar da ba ɗuri, ka ja kunama ka kalla. Bindiga mai lafiya tana zubo tartsatsi masu yawa, masu haske, kai tsaye cikin kasko. Idan biyu ko uku ka gani, jajaye, suna watsewa gefe, akwai gyara. Ka duba bakin dutsen: idan ya yi sulɓi ya dakushe, a sake fasa masa baki ko a canza shi, domin dutse ba ya daɗewa, bayan 'yan gomomin harbi yake gajiya. Ka girgiza shi da yatsa, domin idan yana motsi a cikin muƙamuƙin da ke riƙe da shi to ƙarfin bugun yana salwanta, sai a naɗe shi da sabuwar fata a ɗaure sosai. Bakinsa ya daidaita da faɗin ƙarfen, ya kuma same shi daga sama, wajen kashi biyu cikin uku na tsawonsa, ta yadda zai gangaro yana kankarewa maimakon ya doke shi gaba da gaba ya farfashe. Duwatsun da aka fi sani su ne baƙaƙe na garin Brandon a Ingila, waɗanda a da aka daɗe ana kawo su Afirka, da kuma masu launin zuma na Faransa, kuma kowannensu yana aiki in dai yana da kaifi.

Idan dutsen sabo ne amma har yanzu tartsatsi ya yi ƙaranci, sai a koma kan ƙarfen. Da farko a goge fuskarsa da tsumma mai sifirit, saboda ɗigon mai ko gumin yatsa ya isa ya hana shi ba da wuta. In hakan bai yi ba, ka ɗan goga masa magagari: idan magagarin ya zame, ƙarfen yana da tauri, idan kuwa ya ci shi, taurin fuskarsa ya cinye, sai maƙerin da ya san bindiga ya sake taurara shi. Shi ne kuma zai duba ko sifirin, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke ba dutsen ƙarfin bugu, ya yi sanyi.

Inda na fi so mu tsaya shi ne matsala ta biyu da ta uku, wato kasko ya kama amma ɗuri bai tashi ba ko ya yi jinkiri, domin a nan ne ƙarin albarushin da kake yi yake cutar da kai. Hudar wuta ƙarama ce ƙwarai, faɗinta kamar milimita ɗaya da rabi, kuma abin da ake so shi ne harshen wuta ya ratsa ta a buɗe. Idan ka cika kasko har albarushi ya rufe hudar, to sai ya ci kansa ƙwaya bayan ƙwaya kafin wuta ta isa ciki, wannan kuwa shi ne jinkirin da kake ji. Ka zuba kaɗan, abin da bai kai rabin kasko ba, ya kwanta ƙasa da hudar. Bayan kowane ɗuri ka soka siririn tsinken tagulla cikin hudar har ka ji yana taɓa ƙwayoyin albarushi suna ƙaras-ƙaras. Idan ka ji laushi kamar laka, ko tsinken ya fito da baƙin maiƙo, to man da ka shafa wa bututun ya gangara gindinsa ya jiƙa ɗurin, kuma dole ne a goge ciki da busasshen tsumma kafin a ɗura. Ajiye bindiga bakinta ƙasa bayan an shafa mata mai yana rage wannan.

Ba mamaki da damina abin ya fara. Dauɗar da albarushi ke bari bayan harbi tana zuƙar laima daga iska, har ka ga kaskon da ya bushe ya koma baƙin ruwa cikin 'yan mintuna, abin da ba ka cika gani da hunturu ba. Ka riƙa share kasko da ƙasan dutsen da fuskar ƙarfen bayan kowane harbi, ka rufe wurin da fata mai kitse idan kana tafiya a daji, ka kuma zubar da albarushin kasko ka sa sabo da zarar ka ga ya fara dunƙulewa. Mafi laushin albarushi, wanda ake rubuta wa FFFFg, ya fi saurin kamawa amma ya fi saurin shan laima, shi ya sa a ranar danshi nake ganin FFFg, wanda ƙwayoyinsa suka ɗan fi girma, ya fi dacewa da kasko.

Albarushin kansa kuma ya zama baƙin albarushi na asali. Madadinsa irin su Pyrodex suna buƙatar zafin da ya fi wanda tartsatsi ke bayarwa, saboda haka ba sa kamawa da kyau a wannan bindiga. Albarushin harsasan zamani marar hayaƙi kuwa kada ka kusantar da shi ko kaɗan, domin yana iya fasa bututun a hannunka. Idan ɗurin da ke ciki ya riga ya jiƙe ya ƙi tashi, ka zuba ruwa ya kashe shi sarai, sannan ka kai wa maƙeri ya ciro harsashin.