Hoton ƙwaƙwalwa ba zai ba ki amsar da kike nema ba

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki game da ɗanki mai shekara 15, wanda kika ce yana azabtar da ƙannensa da dabbobi, ba ya nadama, duka kuma ba ya ratsa shi, har kina shawarar kai shi a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Na daɗe ina aiki a wani gidan gyaran halin yara, kuma iyaye da yawa sun kawo mini irin wannan kuka.

Gaskiya ne masana sun ga bambanci a ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda yake sa gaban mutum ya faɗi idan ya ga tsoro a fuskar ɗan'uwansa, to a wajen wasu matasa masu ƙeƙashewar zuciya ba ya motsawa yadda ya kamata. Haka kuma wani masani, Kent Kiehl, ya riƙa kai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta MRI cikin mota har gidajen tsare matasa a jihar New Mexico ta Amurka, kuma a 2013 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa sashen da ke saman ramin ido, mai taimakawa wajen auna abin da zai biyo bayan aiki, ya fi ƙanƙanta a masu wannan hali. Sai dai an gano hakan ne bayan an haɗa hotunan yara masu yawa. Babu likitan da zai dubi hoton yaro ɗaya ya yanke masa hukunci. Don Allah kada ki ɓata kuɗinki. Ƙwaƙwalwar gaban goshi ma ba ta gama nuna sai wajen shekara 25.

Abin da ya fi damuna shi ne dukan. Yaron da tsoro ya yi ƙaranci a zuciyarsa ba ya ɗaukar darasi daga bulala, sai ma ya ƙara taurarewa. Na taɓa riƙe wani yaro wanda horo bai taɓa girgiza shi ba, amma da muka koma ba shi ɗan lada nan take duk ranar da ya wuni bai taɓa kowa ba, ko da izinin buga ƙwallo ne, sai ya fara kamewa, a hankali ƙwarai, wani lokacin ma ya koma gidan jiya. Bai zama mai tausayi ba, amma ya rage cutar da mutane. Da irin wannan tsari cibiyar gyaran halin matasa masu laifi ta Mendota, a jihar Wisconsin ta Amurka, take aiki tun 1995, kuma an ga matasan da suka fito daga cikinta sun rage komawa manyan laifuka.

Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda zai zauna da ku ya ji tarihinsa tun daga ƙuruciya, ya kuma bincika ko akwai shaye-shaye. Kafin nan, kada ki bar shi shi kaɗai da ƙannensa. Allah Ya shirya miki shi.