Me ya sa zanen rairayin bakin teku ba ya fitowa a hotona?

Tambaya: Malam, ina zaune a Nima, birnin Accra. Nakan je bakin teku a Labadi ran Lahadi da tsakar rana, in ga rairayi ya yi layi-layi gwanin sha'awa, amma in na ɗauka da waya sai hoton ya fito fari fat. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Malama, bar wayarki, ba ta da laifi. Lokacin zuwanki ne matsalar. Layukan da ruwa ke bari, masu kama da kitso, tudunsu bai kai kaurin yatsa ba, inuwa ce kaɗai ke fito da su. Da tsakar rana kuwa rana na bisa kai, babu inuwar da za a ɗauka.

A Accra rana kan fito wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma da yake garin na kusa da layin da ya raba duniya gida biyu (ikwaita), saurin hawa take yi. Kafin hantsi inuwar ta ɓace. Sa'ar da kuka yi ita ce gaɓarku kudu take kallo: in kin fuskanci teku da safe, hasken daga hagu zai zo, ya bi ta gefen kowane layi.

Sai kuma ruwan kansa. Teku na cika ta janye sau 2 a kwana ɗaya, kuma janyewar kan yi jinkirin kamar minti 50 kowace rana. Duba jadawalin cikar teku da janyewarta a intanet, ki zaɓi ranar da janyewar ta zo daidai da fitowar rana. Ni dai na fi son Ada Foah, inda kogin Volta ke shiga teku, don Labadi sawun mutane da na dawaki kan tattake komai.

Ki durƙusa, ki cika hoton da zanen kawai, ban da sama. Ramin ƙaguwa ɗaya ko ɓawon kodi a gefe ya isa ya nuna girman abin. Ki danna allon wayar ki ɗan rage haske, rairayi mai jiƙa ƙyalli gare shi. Feshin gishiri na dusasar da gilashin kyamara, a riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi.

Kada dai ki ba teku baya, igiyar ruwan wannan gaɓar tana da ƙarfin ja.