Amsa: COI ya ƙi fitowa a samfurin kwaɗi, a koma 16S?

Kana tambaya ko za ka bar COI ka koma 16S (sassan DNA ne guda biyu da ake karantawa don gane jinsin dabba), tunda PCR, wato hanyar ninka guntun DNA a ɗakin gwaji, ya ƙi ba ka komai a samfurin 'ya'yan kwaɗin da ka kamo tun suna da jela. Eh, koma 16S. COI shi ne aka ɗauka a matsayin ma'auni tun 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar gane jinsi ta ɗan guntun DNA, amma a kwaɗi firaimominsa na gama-gari (gajerun zaren DNA da ke maƙalewa a guntun da ake so don PCR ya fara aiki) sukan kasa kamawa, saboda wurin da suke maƙalewa yana bambanta sosai daga wani jinsi zuwa wani. Shi ya sa su Miguel Vences, da suka yi aiki a kan kwaɗin Madagaska, suka ba da shawarar 16S a 2005. Kuma a GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, za ka fi samun jerin 16S na kwaɗin Afirka da za ka kwatanta da naka.

Sai dai kafin ka zargi firaima, duba abin da ka adana samfurin a ciki. In formalin ne, ya riga ya gutsuttsura DNA ɗin, ko 16S ɗin ma da ƙyar zai fito. Ni ɗan guntun jela nake yanka in jefa cikin ethanol mai ƙarfin kashi 95, in canja ruwan washegari, domin jikin ɗan kwaɗo yawancinsa ruwa ne, yana tsinka ethanol ɗin. Sauran jikin a ajiye shi daban da lamba ɗaya da ta guntun jelar, don in sakamakon ya zo da gardama a koma a duba siffarsa.