Tafkunan Mazury: ina zan sauka, me ya cancanci kuɗina?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Warsaw, hutun kwana uku gare ni kuma aljihun ba nauyi. Abokaina 'yan Poland sun dame ni da zancen Mazury, yankin tafkunan ƙasarsu. Gizycko zan sauka ko Mikolajki? Sannan wurin nan na Hitila, ya kai a sayi tikiti?

Amsa: Ɗan uwa ka sauka Gizycko, ba ma sai ka yi dogon tunani ba. Mikolajki na da kyau kam, shi ne kusa da Sniardwy, tafkin da ya fi kowanne girma a Poland, wajen murabba'in kilomita 113, amma ƙaramin gari ne na 'yan yawon buɗe ido, a Yuli da Agusta kuɗin ɗaki tashi yake yi kuma cinkoso ba a magana. Yankin na da tafkuna sama da 2,000, to ka ga kwana uku ba inda za su kai ka, gara ka kama waje ɗaya ka more shi.

A Gizycko da ƙafa za ka je ganuwar Boyen, sansanin sojan da aka gina daga 1844 zuwa 1856, ganuwar jan bulo ce a tsakanin tafkuna biyu. Akwai kuma wata gada ta 1889 a kan magudanar ruwan da ta ratsa garin, wannan kam kar ka bari ta wuce ka, mutum ɗaya ne ke murza ta da hannu, gadar mai nauyin wajen tan 100 ta juya gefe a hankali jirage su wuce, motoci na tsaye suna jira. Kallon kyauta ne, ka dai duba allon lokutan buɗewa.

Wurin Hitila kuma, Wilczy Szaniec suke ce masa, yana cikin daji kusa da Ketrzyn. Eh ya kai. Nan ya zauna sama da kwana 800 yana jan ragamar yaƙi da Rasha, nan ne kuma Kanal Stauffenberg, wani hafsan sojansa, ya dasa masa bam ranar 20 ga Yulin 1944, amma Hitila ya tsira. Amma fa kar ka je da tunanin za ka ga gida, Jamusawa sun tarwatsa wurin da nakiya a Janairun 1945 da za su gudu, abin da ya rage tulin kankare ne masu kaurin mita da yawa, sun tsattsage, itatuwa sun fito a kansu. Shi ya sa nake cewa ka ƙara kuɗi ka karɓi na'urar bayani ta kunne ko ka bi ɗan jagora, in ba haka ba duwatsu kawai za ka kalla ka dawo. Sannan in ba ka kai shekara 26 ba, ka riƙe katinka na makaranta, ragin kashi 51 ake yi wa ɗaliban jami'o'in Poland a tikitin jirgin ƙasa.

Tambaya: Ni da maigidana da yara biyu ne, ba wanda ya iya iyo. Mu yi hayar jirgin ruwa mai filafilai ne? Ya batun abinci?

Amsa: Hajiya don Allah kar ku yi. Iskar manyan tafkunan nan juyawa take yi farat ɗaya, a Agustan 2007 wata guguwa ta kifar da jirage, mutum 12 suka rasu. Ku sayi tikitin babban jirgin fasinja daga Gizycko ko Mikolajki, ko kuma, wanda na fi so muku, ku je ƙauyen Krutyn a bakin kogin Krutynia. Akwai kwale-kwale mai faɗi da 'yan garin ke turawa da gora, ku naku zama ne, ruwan ba zurfi kuma garau, har duwatsun ƙasa masu jajayen ɗigo yara za su gani. Duk da haka kowa ya sa rigar hana nutsewa, babba da yaro, kar kunya ta hana ku tambaya.

Abinci ku tsaya kan kifi, bandarsa da soyayye duk akwai, sai dai ku tambaya da wane mai aka soya, in kun ji an ce smalec to kitsen alade ne. Ku sayi maganin sauro da kaska tun daga gida, da yamma ki duba bayan kunne da bayan gwiwar yaran, kaskar dajin can na sa cuta. In da hali ku je a Yuni ko farkon Satumba, ɗaki ya fi sauƙin samu.