Amsa ga ɗana kan makewayin da ke yoyo

Ɗana,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso ni. Ka ce masan zama da ke ɗakin amarya yana yoyo, kullum tayil a jiƙe, har ka jero mini tambayoyi uku: ko ruwan nan najasa ne, ko abin kunya ne a al'ada magidanci ya sa hannu a gyaran bayan gida, da kuma wa zai biya tsakaninka da mai gidan haya.

Sai da na yi dariya kafin na ɗauki biro. A gidan kakanku masai yana can ƙarshen gida, bayan rumbuna, an kewaye shi da zana, dalilin sunan bayan gida da makewayi ke nan. Rami ne kawai, ba tanki ba famfo. In ya cika a binne a haƙa wani. Ke nan ba za ka sami wata al'ada da ta yi magana a kan tanki ba. Abin da muka taso muka tarar shi ne, ruwan gidanka kada ya shiga gidan maƙwabci, kada kuma iyalinka su riƙa taka ƙazanta kana kallo. A kan kwata mai unguwa ya sha raba faɗa, kuma zamanin En'e in duba-gari ya shigo ya ga ruwa kwance, maigida ake tuhuma. Gaskiya ne mutanenmu sun raina masu kwasar masai, ni kuwa ban taɓa ganin dalili ba, tunda ba don su ba da gari bai zaunu ba. To balle ɗaure noti da sifana. Naɗe hannun riga ka shiga.

Kafin komai sai ka gano wane ruwa ne ke zuba, domin sauran tambayoyinka biyu a nan amsarsu take. Ka goge ko'ina da tsumma ya bushe ƙarau, ka hana kowa shiga. Sannan ka zuba bular wanki a cikin tankin, ko ruwan zoɓo in babu bula, kada ka kora ruwa, ka jira kamar minti 20. In launi ya sauko cikin kwanon masan, yawanci robar da ke toshe ƙasan tanki ce ta gaji. Wannan yoyon ba ya jiƙa ƙasa, aljihu yake ci. Yadda kake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, ka tuna tankin zamani lita 6 yake ɗauka, tsohon yayi kuwa 9 ko fiye, kuma mai yoyo yini yake yi yana cika yana zubarwa.

In kuma launin a ƙasa ka gan shi, a bayan masan, to duba notuna biyun da suka ɗaure tanki da kwano, da babbar robar da ke tsakaninsu. Ka ɗaure su a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan. Tangaran ne, ba ya son ƙarfi. Ni da kaina na taɓa murɗa noti da zuciya, sai na ji ƙas, abin da washa ɗaya za ta gyara ya koma sayen sabon tanki, Innarku har yau tana yi mini gorin sa.

Wani lokaci ba launi ko'ina amma ƙasa na jiƙewa. Shafa tiyon da ke kawo ruwa daga bango, da mahaɗarsa ta sama da ta ƙasa, da busasshen hannu. Sai kuma ka buɗe murfin tanki ka kalli ƙwallon nan mai iyo. Aikinsa ya rufe ruwa in tanki ya cika. Ruwan burtsatse yakan zo da yashi ya maƙale a bakin bawul ɗin, sai ya ƙi rufewa, ruwa ya yi ta hawa har ya bi ta bututun ambaliya. Rufe makullin ruwa na jikin bango, kwance bawul ɗin, ɗauraye shi, ka mayar, ka saita ƙwallon yadda ruwa zai tsaya kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da bakin bututun. In roba za ka canza, tafi kasuwa da tsohuwar a leda, don girmansu ba ɗaya ba ne, kuma mai shago abin da ke gabansa zai ba ka.

Duk waɗannan da na lissafa ruwan famfo ne da bai taɓa ƙazanta ba. Zamansa a makewayi bai mayar da shi najasa ba, muddin ƙasan da ya zuba a kai tsarkakke ne. Ka karanta a makarantar zaure cewa ruwa yana nan da tsarkinsa sai in najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Ka faɗa wa amarya ta daina sake wankin zani duk lokacin da ta shiga.

Wanda ya kamata ya dame ka shi ne ruwan da ba ya fitowa sai an kora. In ƙasa a bushe take, kana dannawa sai ka ga ya ɓulɓulo daga gindin masan ko daga bayansa, inda ya haɗu da babban bututun da ke zuwa sokawe, ga kuma wari, to wannan najasa ce. Inda ta taɓa a wanke. In ta taɓa tufa amma ba a san gurbin ba, a wanke tufar duka. In kuwa shakka ake ko ta taɓa ko ba ta taɓa ba, yayyafi ya isa, haka yake a Ahalari. A ajiye takalmin makewayi daban, a dakatar da amfani da wannan masan. Yawanci robar da ke haɗa masai da bututun ce ta saki, amma in ruwa ba ya wucewa da sauri, zargi toshewa ko cikar sokawe. Nan kam kira filamba, kuma kada ka yarda ya lafta farin siminti a gindi ya tafi. Ruwan ƙarƙashin tayil zai koma, wata rana ka ga bangon maƙwabci ya yi danshi, abin da na ce maka tun farko shi ne ainihin abin kunyar.

Batun biya kuwa, in kun yi takarda, abin da ke cikinta shi za a bi. In babu, yadda muka saba a nan, ƙananan abubuwan da amfani ke cinyewa, washa da roba da tiyo, na ɗan haya ne, kuma ba mutunci ba ne ka buga wa dattijo ƙofa a kan washa. Abin da ke binne a ƙasa ko a bango, da sokawe, na mai gida ne. Sai dai kada ka kashe ko kwabo da niyyar cirewa daga kuɗin haya ba tare da ya sani ba. Je ka da kanka ka gaishe shi, ka nuna masa, ku yi maganar a gaban dillalin da ya haɗa ku, sannan ka adana rasit.

Ka gaida amarya. In ka zuba bular, ka bugo mini ka faɗa mini inda launin ya fito.

Baffanka