Amsa kan haɗa kunnen roba da kwamfuta

Malam sannu da ƙoƙari, Allah shi ba yaron naka lafiya. Ka ce an haife shi kunnen dama bai fito ba, kana son ka zana mai kunne a kwamfuta a buga da firintar 3D, to ga abin da na sani.

Kada ka ce za ka zana da ka, wahala za ka sha. Tunda na hagu lafiya lau yake, shi za a ɗauka da sikana, ko ka yi mai hotuna da waya ta kowane ɓangare manhaja ta haɗe su, sai ka buɗe cikin Blender, manhajar zanen 3D ce ta kyauta, ka juya shi kamar a madubi ya koma na dama, ka daidaita gindin da fatar wajen da zai zauna, sannan ka fitar da fayil ɗin STL, wato irin fayil ɗin da ake bugun 3D da shi.

Amma don Allah abin da za ka buga ƙwarya ce ta zubi, ba kunnen kansa ba, a zuba silikon irin na asibiti a ciki bayan an haɗa kala daidai da fatar yaron. Robar PLA da ake bugun 3D da ita tauri gare ta, kuma tana fara laushi wajen digiri 60, ka san zafin Gusau a watan Afrilu, ka bar ta cikin mota ta lanƙwashe.

Maganar liƙawa kuwa, ko gam na musamman ko maganaɗisu da ake dasawa a ƙashi, wannan ka bar ma likitan kunne, ka kai yaron asibitin tarayya na FMC Gusau a fara auna jinsa tukuna.