Anti, Na Tsani Ƙarar Waya, Dangi Sun Ce Riyal Ce Ta Sa Ni Ɗaga Kai

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a, Allah ya saka da alheri. Dan Allah ki ɓoye sunana, 'yan gidanmu suna karanta ki, ko da yake na san wasu za su gane ni amma ba komai, na gaji ne wallahi.

Ina zaune a Jidda yau shekara 6 kenan, ina kula da wata tsohuwa Balarabiya mai ciwon suga, ɗaki ɗaya muke kwana saboda tana yawan tashi cikin dare. Matsalata waya ce. Ni ba na son kira Anti. Ba yau na fara ba, tun ina gida haka nake, in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi ras, tafin hannuna ya jiƙe, in tsaya ina kallon ta tana ruri har ta katse sannan in ɗauka in rubuta "ina aiki, lafiya dai ko?" Kuma wallahi duk wanda ya turo min saƙo ina ba shi amsa, ko ba nan take ba kafin in kwanta zai ga amsa, ban taɓa barin saƙon wani ya kwana ba. To shi ne yanzu aka mai da ni abin magana a dangi wai na ga riyal na ɗaga kai.

Ki duba fa Anti. Mu nan muna gaban Najeriya da awa 2, amma har yau kawuna bai yarda da wannan ba ko kuma bai damu ba, sai ya gama hirarsa a majalisa ƙarfe 11 na dare sannan ya tuna da ni, nan ƙarfe 1 kenan, sai imo ya kama ihu a ƙarƙashin matashina tsohuwar nan ta farka a firgice tana salati, ba za ta koma barci ba sai asuba, da safe 'yarta ta zo ta ɗaure min fuska. Sau uku ana haka. Na sa wayar a shiru, shi ma ya zama laifi wai na toshe su. In ma na ɗauka me ake yi? Alo alo kina ji na, ni ina jin ki, ke ba kya ji na, muryata tana dawo min, mu yi magana tare mu yi shiru tare. In sabis ya daidaita sai a shiga gaisuwa, ya aiki ya gajiya ya zafi ya Larabawa ya Harami, sai a ce ga wance ku gaisa, ita ma daga farko, ga wane ku gaisa, har yaron da aka haifa ba na nan sai an kara masa waya a kunne an ce ya ce Anti. Minti 20 ya tafi ina tsaye a kicin ina raɗa kamar ɓarauniya, sai can ƙarshe a ce "dama wata 'yar magana ce." Kuma 'yar maganar nan kullum ita ce dai, kin gane.

Nan ne abin ya fi ci min rai. Ni a baki ban iya cewa a'a ba, in babba yana magana kunya ta rufe ni sai in ce to, ina ajiye wayar in fashe da kuka don na san ba ni da shi. Amma a rubuce zan zauna in yi lissafi, in cire nawa in cire na Inna, in ce ga abin da zan iya kuma ƙarshen wata ne, ba wanda ya ji kunyar wani. Sannan rubutu shaida ne. Maganar filin nan da a baki muka tsaya ai da yanzu na zama maƙaryaciya, sai da na koma baya na zaƙulo saƙon na tura a gurup ɗin gida kowa ya yi tsit, kuma tun daga ranar aka ƙulle ni a ciki, ni na san daga nan ne.

Ba wai na yar da kowa ba ne. Suna, biki, rasuwa, duk ina rubuta gaisuwa ina tura abin da ya sawwaƙa. Inna ma ba a bar ta a baya ba, duk Juma'a ina rubuta mata doguwar gaisuwa auta ya karanta mata in ya dawo daga kasuwa ya rubuto min ta ce Allah ya yi albarka, dama ita ko an kira ba ta wata magana da ni tunda ni ce ta fari, daga "lafiya lau" sai ta yi shiru ina jin numfashinta kati na ƙonewa. Ƙawayena da muke tare a Sabil kafin a rushe unguwar duk mun watse, wata na Makka wata ta koma gida, da saƙo muke zumunci kuma ba wadda ta taɓa cewa na wulaƙanta ta. Sai dangina.

Makon jiya gwaggona ta saki saƙon murya na minti 7 a gurup, ba ta kama suna ba amma kowa ya san da wa take, wai akwai waɗanda suka sha Zamzam suka manta ruwan rijiyar gidansu, wai sai an cike fom kafin a ji muryarsu. Har da masu tura alamar dariya. Na kwana ban runtsa ba. Ni da nake wanke wata tsohuwar da ba ta haife ni ba don su ci, ni ce mai girman kai?

Anti ki faɗa min tsakani da Allah, dole ne sai mutum ya so kira? Rashin ɗaukar waya yanke zumunci ne? Har na fara tunanin in canja layi in bai wa mutum biyu kawai in huta. Na gode.

'Yarki daga Jidda

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki ladan jinyar da kike yi, ya sa ki gama lafiya.

Ni ba na yanke wa kowa hukunci da jin bakin mutum ɗaya, kuma ke kin bar abubuwa da yawa a duhu. Ba ki faɗa min ko kina da aure ko 'ya'ya a gida ba, ba ki ce ko mahaifinki na raye ba, maganar filin ma kin kawo ta kamar ina wurin aka yi. Don haka ba zan shiga tsakaninki da gwaggonki ba. Rashin son kira kuwa ba zunubi ba ne, halitta ce, akwai mutane da yawa masu irin wannan faɗuwar gaban kuma ba su da girman kai ko kaɗan. Maganar kuɗi ki ci gaba da yin ta a rubuce, na goyi bayanki ɗari bisa ɗari, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi.

Amma duk wasiƙarki layi biyu ne suka tsaya min a wuya, kuma ke a guje kika wuce su. Kin ce auta ne ke karanta wa Inna saƙonki in ya dawo daga kasuwa. Na karanta wurin nan sau uku.

'Yata, ashe shekara 6 ke da mahaifiyarki da tafinta kuke magana? Kuma tafintan namiji, yaro, ɗan cikinta? Ki zauna ki yi tunanin abubuwan da dattijuwa ba za ta taɓa iya cewa ɗanta namiji ya rubuta ba. In wani ciwo na mata ya same ta, auta za ta gaya wa? In surukarta ce ke ɓata mata rai a gidan, in kuɗin da kike warewa da sunanta ba duka ke isa hannunta ba, ta bakin wa za ki ji? Ban ce haka ake yi ba, cewa na yi ko ana yi ba ki da hanyar sani. "Ta ce Allah ya yi albarka" kalma ce da yaro zai iya rubutawa yana tafe a hanya bai ma shiga gidan ba. Shaidar da kike alfahari da ita a rubutu, a wajen Inna ba ta aiki, don ita ba ta da hannu a rubutun.

Shirun da take yi kuma, wanda kika kira ƙonewar kati, haba 'yata, kamar ba Bahaushiya ba. Ke ce ta fari. Matar da ko sunanki ba ta faɗa saboda alkunya, ita kike jira ta zauna tana zuba miki hira? Ba za ta yi ba har abada. Sauraro take yi. Daga "ina kwana" ɗinki uwa take gane ko kin rame, ko mura kike, ko kin yi kuka jiya. Ita ba za ta kira ki ba, ba za ta yi ƙorafi a gurup ba, ba ta ma cikin gurup ɗin. Masu surutu sun same ki kin ji zafinsu har kin rubuto min, wadda ta yi kawaici ita ce ta tashi a tutar babu.

Ni na zo Makka tun zamanin da ba wayar hannu. A Shara Mansur muna zama mu ɗauki muryarmu a kaset, mu gaida kowa da sunansa, mu jira alhazai in za su koma mu ba su. Takarda ma muna rubutawa, amma tsohuwata kaset ɗin take tambaya. Bayan rasuwarta na tarar da su a cikin kwallarta a naɗe da ɗankwali, wani zaren har ya tsinke an ɗaura don yawan juyawa. Daga baya aka samu kabina, mu yi layi da riyal a hannu don minti 3. Yau ga abin a ƙarƙashin matashinki.

Kin san labarin Juraiju da ya zo a Bukhari da Muslim. Mutum ne mai ibada, yana cikin salla uwarsa ta kira shi, ya ce ya Ubangiji uwata ko sallata, ya ci gaba da salla, har sau uku. Ta yi masa baki, aka yi masa ƙazafi aka rushe masa ɗakin ibadarsa, sai da jariri ya yi magana sannan ya kuɓuta. Salla fa yake yi. Ban kawo miki wannan don in tsorata ki ba, Inna ba ta yi miki baki ba kuma in sha Allahu ba za ta yi ba, amma ki ga nauyin da muryar uwa take da shi.

Bari kuma in juyo kanku ku masu karatu, musamman na gida masu 'yan uwa a nan. Ku ji tsoron Allah da wayar nan. Kira sallama ce a ƙofar mutum, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce in ɗayanku ya nemi izini sau uku ba a ba shi ba ya koma. Ku kuwa sai ku jera kira 15 kamar gobara ta tashi, a ɗauka a firgice ku ce dama gaisuwa ce. Suratun Nur aya ta 58 ta ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha'i. In agogonku ya nuna 11 na dare, a Jidda da Makka da Madina 1 ta yi. 'Yar mutane tana gidan wasu, tana aiki a ƙarƙashin wasu, ba a ɗakin uwarta take ba. Kuma wanda bai taɓa kira don ya ce ya jikinki kawai ba, sai in da buƙata, shi ya koya mata tsoron ƙarar waya, kar ya zo yana wa'azin zumunci. Habaici a gurup kuma ba tarbiyya ba ce, tozarci ne, duk girman mai yin sa.

Ke kuma kar ki canja layi, wannan shi zai tabbatar musu da abin da suke faɗa. Ki rubuta a gurup sau ɗaya cikin ladabi cewa yanayin aikinki bai ba ki damar ɗaukar kira, mai magana ya rubuto ko ya turo murya, ba sai kin kare kanki ba. Gwaggo ki tura mata gaisuwa da muryarki ko ta minti ɗaya ce, kar ki ta da maganar Zamzam. Kawu ya ci gaba da samun waya a shiru da daddare, ba ki yi laifi ba.

Inna kaɗai na cire daga wannan tsarin. Ita ke za ki kira, kuma na lura duk abin da kika lissafa na faɗuwar gaba a kan kiran da ke shigo miki ne ba shiri, wanda ke kika zaɓi lokacinsa daban ne. Ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci a nan, can gida hantsi bai daɗe da wucewa ba, tsohuwar da kike jinya ta samu barcin rana, ki shiga kicin ki rufo ƙofa. Minti 5 ya isa. In ta yi shiru kar ki ce "to sai an jima", ki ba ta labarin abin da kika dafa, ki tambaye ta ƙafarta da barcinta, ki jira. Makon farko da na biyu wataƙila "lafiya lau" ɗin za ki samu. In da hali cikin kuɗin wata mai zuwa ki sa a saya mata 'yar ƙaramar waya mai maɓalli tata ta kanta, wadda danna kore kawai za ta yi. Kafin nan, in kin kira ta layin auta, ki ce masa ya miƙa mata wayar ya fita ƙofar gida sai kun gama.

Anti